Hoton Abba Gana a Wurin Aiki

A unguwar Hammadu Kafi, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida, akwai wata mata da ake kira Ya Falmata, ita da ƴarta Hamida. Mutanen Borno ne. Sun baro ƙauyensu na wajen Dambuwa a shekarun tashin hankali, Hamida tana goye, suka shigo Gombe da kayan jikinsu. Ba za a ce suna cikin yunwa ba. Ya Falmata tana ɗinkin hula, tana haɗa turaren wuta da matan unguwa ke rububi in biki ya matso. Hamida kuma tana aji biyar a firamare. Abin da babu a ɗakin shi ne maigidan, Abba Gana. Babu shi, babu kabarinsa, babu ko hotonsa.

Abba Gana direba ne a kamfanin wani ɗan kasuwa mai suna Onyebuchi, wanda ke sayar da kwanon rufi da siminti a wajen Dawaki. Hamida tana aji ɗaya lokacin da ya ɗauki lodi zuwa gaban Biu. An tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, siminti yana nan yadda aka loda shi, direba ne babu. Wayarsa, wadda ita kaɗai ce mai ɗaukar hoto a gidan a lokacin, tana aljihunsa. Lasisinsa da katin aikinsa ma haka. Duk inda fuskarsa take ya tafi da ita, sai wuri ɗaya: tsohuwar kwamfutar ofishin kamfanin, inda aka ajiye hoton da aka ɗauke shi ranar da aka yi wa ma'aikata kati.

Mai kula da kwamfutar ita ce Ugochi, ƴar ƙanwar Onyebuchi. A Gombe aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu Hausawan gudu. Tun farkon abin ta ce za ta wanke hoton, ta sa shi a gilashi ta kai wa Ya Falmata har gida. Ya Falmata ta ƙi. Ta ga yadda ake yi a garin nan: sai mutum ya rasu ake buga hotonsa a kalanda, a raba ranar addu'a, a rataye a bango.

"Hoton mamaci ake kawowa gida," in ji ta. "Mai rai, hotonsa yana wurin aikinsa. Ku bar shi inda ya bar shi."

Ita kanta ba ta taɓa zuwa ta kalla ba. Ta ce in ya dawo za ta gan shi da idonta. Onyebuchi kuwa, da ya ji haka, bai cire sunan Abba Gana daga cikin ma'aikata ba. Duk Sallah ana kai wa Ya Falmata shinkafa da mai kamar yadda ake ba kowane direba, kuma in an yi maganarsa a kamfanin sai a ce ya yi tafiya.

Hamida ce kaɗai take zuwa. Duk ranar Alhamis, da yake babu Islamiyya, in an tashi daga makaranta sai ta biya ta kamfanin. Maigadi Bappayo, wani dattijon Bafulatani, shi ke fara tarar ta.

"Ga Babarbariya, baiwar Fulani, ta iso."

"Baffa, tsakanina da kai wa ke buɗe wa wani ƙofa?"

"Ji bakinta. Shiga, kafin in sayar da ke in sayi goro."

A ofis, Ugochi takan juyo da allon kwamfutar ba tare da an ce mata komai ba, ta ci gaba da aikinta a takarda. Hamida ta zauna a kan benci, jaka a cinya, ta kalli babanta. Wani lokaci ta gaya masa abin da aka yi a makaranta, a zuci. Wani lokaci ta yi shiru kawai. Ba ta iya tuna muryarsa sosai, kuma yanayin tafiyarsa ya ɓace mata tun tuni. Amma wannan hoton ta haddace shi kamar Fatiha.

A farkon damina aka yi wata tsawa da ta ƙone kayan wuta a layin kamfanin, har da kwamfutar. Aka ɗauke ta aka kai wa masu gyara a kasuwa, kamar yadda ake kai rediyo ko fanka, da duk abin da ke cikinta. Ta daɗe a can, shagon kuwa kullum cike yake da yara masu koyon aiki da abokansu masu zuwa hira. Da ta dawo, Ugochi ta buɗe, hoton yana nan, Hamida ta yi ajiyar zuciya. Babu wanda ya sake tunanin maganar.

Wata la'asar hadari ya haɗu ta gabas, gari ya yi duhu, iska ba ta motsi. Ya Falmata tana bakin ƙofa tana ɗinki, Hamida tana tsince shinkafa, sai waya ta yi ƙara. Babbar waya ce da wani ɗan'uwa ya bar mata don masu sayen hula su riƙa turo samfuri. Lambar ba ta da suna. Da yake hannunta riƙe yake da allura, sai ta ce Hamida ta danna ta buɗe murya.

"Salamu alaikum. Da Falmata nake magana, matar Abba Gana direba?"

Murya ce mai sanyi, ta mutum mai ladabi, irin wanda ba ya gaggawa.

"Ita ce."

"Ta Hammadu Kafi, gidan da ke bayan injin markaɗe. Ina Hamida? Ta girma yanzu ko?"

Allurar ta tsaya.

"Wane ne?"

"Mai son ku da alheri. Mijinki yana raye, baiwar Allah. Yana hannun wasu mutane, ni kuma ina shiga wurinsu. Ya ce in gaishe ku. Amma ki riƙe bakinki. In magana ta fita, shi za ta dama, ba ni ba. Zan sake kira."

Ya kashe. Ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya, amma Ya Falmata ba ta tashi daga bakin ƙofa ba sai da zaninta ya jiƙe. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta jawo akwatin da kayan Abba Gana suke, ta fito da su ɗaya bayan ɗaya, ta ce gobe za a wanke, sun yi warin ajiya. Sannan ta kama kafaɗar Hamida.

"Kin ji abin da ya ce. Ko Ugochi."

"Na ji, Ya." Haka take kiranta, yadda ƴaƴan Barebari ke kiran uwa.

Hamida ta yi murna a ranar, murnar da ta hana ta cin abinci. Ta ƙosa Alhamis ta zo, ta je ta kalle shi, yanzu da ta san yana wani wuri yana numfashi.

Da Alhamis ta zo, tun daga ƙofa ta ga an sauya. Bappayo bai ce mata baiwar Fulani ba. Wani kwali ne a gabansa cike da wayoyin ma'aikata, kowace an ɗaure mata suna da kyauro.

"Kina da waya, jikata?"

"A'a, Baffa. Lafiya?"

"Doka ce ta zo. Shiga, amma ki yi a hankali, akwai baƙuwa."

Baƙuwar wata mata ce mai gilashi da baƙin mayafi, tana zaune a kujerar da ke kusa da teburin Ugochi. Onyebuchi yana tsaye a bakin taga, hannu a baya. Allon kwamfutar a kashe yake. Ugochi ta ɗago ta ga Hamida, ta yi saurin sunkuyar da kai.

"Wannan ce yarinyar?" in ji baƙuwar.

"Ita ce, Barista," in ji Onyebuchi. "Hamida, zo. Wannan Barista Bilkis ce, lauyarmu."

Hamida ta durƙusa ta gaishe su. Barista Bilkis ta amsa da fara'a, ta tambaye ta ajinsu, ta matsa mata wuri a benci. Sannan ta yi mata bayani a hankali, kamar mai koyar da karatu. Ta ce yanzu akwai doka a ƙasa a kan bayanan mutane. Sunan mutum, da hotonsa, da lambar wayarsa, da inda yake kwana, duk amana ne a hannun wanda ya ɗauke shi aiki. Ba a nuna wa kowa, ba a barin su a inda hannu zai kai. In suka fita, hukuma tana iya hukunta kamfani, kuma dole kamfanin ya kai rahoton kansa, ya sanar da waɗanda abin ya shafa.

"To namu sun fita," in ji ta. "Muna zaton a wurin gyara aka kwashe. An kira matar wani direbanmu an ce mijinta ya yi hatsari a hanyar Bauchi, alhali yana nan cikin sito yana cin ɗanwake. An san sunanta, an san unguwarsu. Ku an kira ku?"

Hamida ta kalli ƙasa.

"Ban sani ba."

Lauyar ta ɗan dube ta, ba ta matsa ba.

"Anti Ugo," in ji Hamida a hankali, "zan gan shi?"

Ugochi ta buɗe baki, ta kalli kawunta. Shi ya amsa.

"Ƴata, ba yau ba. An sa wa na'urar sabuwar lambar sirri, ko Ugochi ba ta da ita. Kuma ta sa hannu a takarda, in ta nuna wa wani abin da ke ciki, aikinta ne zai tafi, ni ma ba zan iya hanawa ba. Ki gaya wa mamanki ina roƙonta ta zo ranar Asabar. Ranar Litinin za a zo a ɗauki na'urar a goge ta."

"A goge?"

"Ki dai gaya mata ta zo."

Hamida ta koma gida tana bin gefen kwalbati, inda ruwan jiya ya tara yashi da leda. A hanya ta yi ta jera maganganun biyu kusa da juna, ta mutumin waya da ta lauya, tana raba su, suna sake haɗuwa. Amma ai wancan direban yana sito, in ji zuciyarta. Babanta kuwa da gaske ya ɓata. Ba abu ɗaya ba ne.

Ta tarar da kayan Abba Gana a kan igiya, da mahaifiyarta a ɗaki tana rungume da waya. Fuskarta ta yi wani haske da Hamida ba ta taɓa gani ba.

"Rufe ƙofa. Zo ki gani. Mutumin ya sake kira, na ce masa ya ba ni shaida, ga ta ya turo."

Hoto ne. Wani mutum a gaban ƙaya da busasshiyar ciyawa, ya rame, gemu ya cika masa fuska har da furfura. Idanun na babanta ne. Hamida ta karɓi wayar da hannu biyu, ta matsa kusa da taga.

Ta daɗe tana kallo. Kan mutumin ya ɗan karkata hagu, kamar wanda aka kira sunansa bai shirya ba. Idon dama ya fi na hagu ƙanƙancewa. A goshinsa akwai ɗan ƙyalli, daidai inda fitilar ofis ta haska shi. Rigar ta yi datti, launinta ya koma na ƙasa, amma kwalarta ta ɓangare ɗaya ta lanƙwashe ta shige ciki, yadda Hamida ta sha jin kamar ta miƙa hannu cikin allo ta gyara masa.

"Ya," in ji ta. "Wannan hoton ofis ne."

"Wane ofis? Ba ki ga daji ba?"

"An sa masa dajin ne. Da gemun. Dubi kwalar rigarsa, haka take a na wurin Anti Ugo. Dubi yadda ya karkata kai. Ko hasken goshin nan..."

"Haka yake karkata kai tun yana saurayi. Kwala kuwa, wa ya fi ni sanin ba ya gyara kwala? Ni nake gyara masa kullum in zai fita."

"Lauya ta ce an sace abin da ke cikin kwamfutar. An kira matar wani direba ma an yi mata ƙarya."

Ya Falmata ta karɓi wayarta. Ba ta yi faɗa ba. Ta shafa kan Hamida, ta ce:

"Ke ƙarama ce lokacin da ya tafi. Hoto kika sani. Ni mutumin na sani."

Sai Hamida ta isar da saƙon Onyebuchi, ta ƙara da roƙo: su je, a buɗe na ofis, a ajiye su kusa da juna, ta gani da idonta. Ya Falmata ta ce za ta je, don Onyebuchi ba mutumin da za a ƙi amsa kiransa ba ne.

Ranar Asabar da hantsi suka je. Bappayo ya miƙo kwali, Ya Falmata ta ce ba ta zo da waya ba. Hamida ta san tana ƙulle a gefen zaninta, don tun ranar da aka fara kira ko wanka za ta shiga da ita take shiga.

Aka ba su kujeru, aka kawo ruwa. Onyebuchi ya fara da ba da haƙuri. Ya ce laifinsa ne, shi ya sa a kai na'urar kasuwa, bai san abin da ke cikinta ya fi ta daraja ba. Sannan Barista Bilkis ta karɓa. Ta ce za a goge tsohuwar kwamfutar gaba ɗaya, don ba a san abin da aka dasa mata ba. A sabuwar, bayanan waɗanda ke bakin aiki kawai za a zuba, saboda doka ba ta yarda a yi ta riƙe bayanan mutum babu dalili ba. Ta ce akwai kuma maganar aikin kansa. Yadda shari'ar ma'aikata take tafiya yanzu, ba a barin mutum haka, ba a ciki ba a waje. In ya ɓata a bakin aiki, sai a rubuta haka, a bi wa iyalinsa haƙƙinsu.

"Abin da muke so, Hajiya, ki sa hannu a matsayin magajiyarsa. Mu kuma mu bi miki diyya ta hanyar da ta dace. In kin sa hannu, fayil ɗinsa duka naki ne, har da hoton. Yau ɗin nan zan buɗe a wanke miki. In ba haka ba, ba ni da ikon ba wa kowa, sai shi da kansa."

"Magajiya," in ji Ya Falmata. "Mai rai ake gada?"

"Ba mu ce ya rasu ba."

"To me takardar ta ce?"

Barista Bilkis ta amsa: "Ta ce ba a sa ran dawowarsa bakin aiki."

"Ni ina sa rai."

"Madam," in ji Onyebuchi, "Abba Gana ɗan'uwana ne. Shekarun nan ban taɓa cire sunansa ba, kin sani. Amma yanzu hannuna a ɗaure yake. Ki karɓi hoton nan, ko don yarinyar."

"Ka yi mana alheri, Oga, Allah ya saka. Ka ce sai shi da kansa za a ba wa. To a jira shi."

"Ba za a iya jira ba, Hajiya," in ji lauyar. "Litinin ne." Ta gyara gilashinta. "Akwai wanda ya kira ki a kwanakin nan? Wanda ba ki sani ba, amma ya san ku?"

"Babu."

Hamida ta ji kalmar ta faɗo kamar dutse a rijiya. Ta kalli allon da ke kashe, ta kalli mahaifiyarta. Ba za ta iya ƙaryata ta a gaban mutane ba. Abin da ta iya kawai shi ne ta ce:

"Barista, don Allah a nuna mata sau ɗaya. Ba sai an ba mu ba. Ta kalla kawai."

Barista Bilkis ta kalli yarinyar, ta kalli uwar, da alama ta fahimci fiye da abin da aka faɗa. Ta jawo kujerarta gaban kwamfutar, ta kunna, ta fara danna lambar da kanta.

"Matarsa ce," in ji ta, ba tare da ta kalli kowa ba. "Kallo ɗaya, a gabana. Ni zan amsa wannan."

Na'urar tsohuwa ce, tana jan lokaci kafin ta buɗe. Suna cikin jira sai Hamida ta ji wani ɗan gurnani daga gefen zanin mahaifiyarta. Wayar ce take rawa. Ya Falmata ta dafe wurin da tafin hannu, ta miƙe tsaye.

"Na bar tukunya a wuta. Ku yi haƙuri. Hamida, taso."

"Ya, ga shi nan zai fito."

"Na ce ba na kallon sa a nan, ban fasa ba. Taso."

Ta riga ta kai ƙofa. Hamida ta tsaya tsakanin ƙofar da teburin. Allon ya yi shuɗi, wata ƴar da'ira tana ta juyawa a tsakiya. Daga waje aka sake kiran sunanta, da muryar da ba a ƙi. Ta fita da baya da baya, da'irar tana juyawa.

A bakin titi, bayan wata motar siminti, Ya Falmata ta kara wayar a kunne, tana cewa to, to, in sha Allahu, ban gaya wa kowa ba. Da ta gama ta ce mutumin ya ce Abba Gana ya ɗan yi zazzaɓi amma ya samu sauƙi. Har yanzu bai nemi komai ba. Ya ce ranar Juma'a zai faɗi abin da za a yi.

Ranar Litinin Hamida ba ta jira Alhamis ba. Ana tashi ta kama hanyar Dawaki da gudu, jaka tana dukan bayanta. Bappayo ya buɗe mata ƙofa. A kan teburin Ugochi babu kwamfuta, sai shatin inda ta zauna shekara da shekaru, katakon wurin ya fi sauran haske.

"Da safe suka zo," in ji Ugochi. Idanunta sun yi ja. "Wallahi Hamida na gwada. Jiya bayan coci na dawo ni kaɗai, na gwada duk lambar da na sani, ta ƙi. Da na sani da tun bara na wanke shi na ɓoye a jakata, ko mamanki ta so ko ta ƙi."

Hamida ta zauna a bencinta na kullum, tana fuskantar wurin da babu komai. Can sai ta ce:

"Anti Ugo, an kira mu."

Ta faɗi duka, tun daga la'asar ɗin hadari har maganar Juma'a. Ugochi ta saurara, hannunta a kan baki. Da Hamida ta gama, ta tashi ta je ƙofa ta karɓi wayarta daga kwalin Bappayo, ta kira Barista Bilkis a tsaye a nan. Ta dawo ta ce lauyar za ta sanar da hukuma, kuma gobe za ta je gidan da kanta ta zauna da Ya Falmata.

"Za a kama shi?"

"Ban sani ba, ƙanwata. Irin su layi suke sauyawa kamar riga."

"In an kama shi, za a karɓo hoton? Na ainihin?"

Ugochi ta tare mata keke-napep, ta biya, ta ce wa direban ya kai ta har ƙofar gida.

Hadari ya sake haɗuwa kafin ta isa. A ɗaki ta tarar an goge kayan Abba Gana an jera a kan akwati, hularsa a sama, turare yana tashi a kasko. Ya Falmata tana zaune a bakin gado da waya a hannu, ta buɗe hoton, tana kallo kamar yadda Hamida take kallon na ofis.

"Kin yi latti. Zo ki gaida babanki."

Hamida ta ajiye jaka, ta zauna kusa da ita. Ba ta ce an ɗauke kwamfutar ba, ba ta ce lauya za ta zo ba. Ta kalli mutumin da ke gaban ƙayar. Sannan ta rufe ido, ta nemi ɗayan, mai shuɗiyar riga da farin bango, wanda ta haddace. Goshin ya zo, idanun suka zo. Da ta sauko wajen haɓa sai gemun ya tare ta. Ta sake gwadawa daga farko, a hankali, yadda ake komawa farkon aya in an kakare. Gemun yana nan. Ta kasa tuna ko haɓar babanta tana da tsaga ko ba ta da ita.

Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Wayar ta yi haske a hannun Ya Falmata, wata lamba ce daban, ita ma babu suna.

A nan Hamida ta gane cewa mutumin wayar nan bai taɓa ganin babanta ba, kuma duk da haka yanzu shi kaɗai ne yake riƙe da fuskarsa ta gaskiya.